Mangwaron Tabawa da Hancin Saratu

Lokacin da ruwan dam ɗin Kainji ya shanye gungunsu, wato tsibirin da suke zaune a kai, mahaifin Tabawa bai fito da wani abin kirki ba sai komarsa ta kamun kifi da buhun ƙwallon mangwaro. A sabon mazauninsu, bayan garin Yelwa, ya binne ƙwallayen a jere. Bai daɗe da cin 'ya'yan fari ba ya rasu, lambun ya zama na Tabawa, don ita kaɗai ya bari.

Aibin mangwaro shi ne duk tare yake nuna. Da bazara kowane gida a Yauri yana da nasa, ko kyauta ka bayar sai an yi maka yanga. Haka na Tabawa yake zubewa ya ruɓe. Mijinta Mainasara kuwa mai bandar kifi ne, kullum cikin neman itace yake. Wata shekara a farkon shekarun 1980 ya tsaya ya ƙare wa bishiyoyin kallo.

"Tabawa, iccen wanga lambu zai riƙe min banda shekara biyu. Damina na wucewa zan sa gatari."

"Shukar Baba ce, Malam."

"Allah ya jiƙan Baba. Amma shi ma ba don ƙuda ya shuka ba."

Ta roƙe shi ya bar ta ta gwada sa'arta a wannan bazarar tukuna. Tunaninta bai yi nisa da gida ba: in shanya tana hana kifi ruɓewa, me zai hana ta yi wa mangwaro? Ta yanka wanda bai gama nuna ba, ta baza a kan ragar bandar mijinta cikin rana, ta tara a kwandunan kifi, sannan ta ɗura a leda ta liƙe bakin da wutar kyandir. Kowa a gidan ya ɗanɗana ya yaba. Ta cika kwalaye ta aika Sakkwato wurin taubashinta Ladan, mai kanti a bakin kasuwa.

Ba a jima ba sai ga Ladan da kansa, da kwalayen a bayan mota.

"Ke 'yar masunta, mi kika aiko min, mangwaro ko tarwaɗa? Matar wani ma'aikaci ta buɗe leda guda, kyanwarta ta riga ta kai baki."

"Ƙarya kake, ɗan birni."

Ta shinshina, ba ta ji komai ba. Mainasara ma haka, maƙwabta ma haka. Cikin ƙarnin kifi aka haife su, hancinsu ya daɗe da daina jin sa. Washegari Mainasara ya kai gatarinsa wurin maƙeri a wasa masa.

Akwai wata Saratu, 'yar Kambari daga wajen Ngaski, da take kawo musu dawa. Ba ta cin kifi, kuma duk sanda ta shigo gidan sai ta toshe hanci da gefen zane, mata suna yi mata dariya. Ranar Tabawa ba ta yi dariya ba. Ta jawo ta, ta ce ta nuna mata inda ƙarnin yake. Saratu ta nuna raga, ta nuna kwando da wuƙa, sai ta tsaya tana kallon hannun Tabawa.

"Faɗi, ba komai."

"Har da ke kanki, Yaya. Hannunki, zanenki, duka."

Tabawa ta kafa rumfa can cikin lambu, nesa da bakin ruwa. Ta sayo sabon asabari da sabbin wuƙaƙe, ta ware zanen aiki, tana wanke hannu da toka da lemun tsami. Mangwaro ya kusa ƙarewa, sai 'yan bishiyoyin da suke makarar nuna. Da su ta yi. Ba a liƙe leda ko ɗaya ba sai da ta bi ta ƙarƙashin hancin Saratu.

Wannan karon kwalayen sun dawo babu komai ciki. Direban da ya kawo su ya ce Ladan ya ce a ƙaro, kuma a gaya wa 'yar masunta kyanwa ta yi fushi.

Kafin ƙarshen shekarun nan rumfa ta zama ɗakin kwano, an sayi injin liƙe leda, an buga suna a jiki: Mangwaron Gungu. An ƙara gwanda da ayaba. Manoman Shanga suna kawo nasu a jirgi, da sharaɗin jirgin bai taɓa ɗaukar kifi ba. Kaya suna zuwa Kontagora har Kaduna. Duk macen da ta zo aiki da safe, Saratu ce take tsaye a ƙofa tana shinshina ta.

Gatarin kuwa ya yi aiki, amma dirakun shingen lambun Mainasara ya sara da shi a daji. Da ya gama kafawa ya nufi ƙofa zai shiga inuwa, Saratu ta tare shi.

"Maigida, daga nan za ka tsaya. Daga banda kake."

"Shingen da na kafa da hannuna?"

Tabawa ta miƙo masa leda guda ta saman shinge. Ya zauna a waje, inda inuwar bishiyar surukinsa ta tsallako, ya ɓarke ledar da haƙori.