Direban da Ya Ajiye Ƙwayar Safe

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa bas a layi ɗaya, daga tashar kasuwa zuwa unguwar masana'antu. Abokan aiki suna kiransa Sannu-Sannu, don ko fasinjoji sun zage shi ba ya ƙara wuta. Ko madubin motar wani bai taɓa gogewa ba.

A gwajin da kamfaninsu ke yi wa direbobi duk wata shida aka gano yana da hawan jini. Aka ba shi wata 'yar farar ƙwaya, a sha kowace safiya. Ashe mai sa fitsari ce. Ran kwana na tara ya shiga cunkoso a kan gada, mutum sittin a bayansa, mara ta cika fam. Ya daure, ya cije, da ya sauka daga gadar dai ya ja birki ya ruga bayan wani shago. Ya dawo ya tarar mota ta kaure da dariya.

"Baba, gobe mu taho maka da fo?" in ji wata mata daga baya.

Ya tayar da mota ya wuce. Da ya koma gida ya jefa kwalin saman kwaba. Matarsa ta yi magiya har ta gaji.

"Maigida, kashe kanka za ka yi?"

"Ni da furfurata? An gama yi mini dariya."

Gwaji ya zagayo. Manaja ya riga ya faɗa masa, in takarda ba ta fito da sa hannun likita ba, zai bar sitiyari ya koma gadin ƙofa.

Likitar yarinya ce, sa'ar 'yarsa ta biyu. Ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, kana shan maganin nan kuwa?"

Direbobin da suka shiga kafin shi duk "ina sha" suka ce. Shi ya gyara zama.

"Ba na sha. Kuma ba zan sha ba. Rubuta haka."

Ya jira faɗa. Sai ta ajiye biro.

"Me ya yi maka?"

Kusan wata shida ke nan, ba wanda ya yi masa wannan tambaya. Ya kwashe labarin gada ya faɗa mata, har maganar fo bai rage ba.

"Ku da banɗaki ke bayan kujerarku," ya ce, "ku ne masu cewa a sha da safe."

"Ka yi gaskiya, ba mu tambayi aikinka ba. Amma ni ma ka ji tawa. Jinin nan in ya bugi kanka kana tuƙi, ba kai kaɗai zai kayar ba. Yau ba zan sa hannu ba."

"To gadi ke nan."

"Sati biyu ke nan. Zan canza maka wata ƙwayar, ba ta sa fitsari. Takan ɗan kumbura ƙafa. In ta yi, ka zo ka faɗa."

"In ita ma ta ci mutuncina, nan teburinki zan dire miki ita, 'yata."

"Dire ta. Shirun ne ba na so."

Sati biyun nan bai zauna a gida ba. Kullum yana benci a gareji, yana kallon wani direba yana wahalar da giyar motarsa. Manaja ya aiko masa da hular gadi, wai ya gwada. Ya mayar da ita a ledarta.

Da ya koma wurin likitar, jini ya sauka, ƙafa ta ɗan tasa kaɗan. Ya tuɓe takalmi ya nuna mata tun ba ta tambaya ba. Ta latsa, ta ce ya dawo bayan wata guda, sannan ta sa hannu.

Daga asibiti bai biya ko'ina ba sai ofishin manaja. Ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya danne ta da yatsa.

"Karanta da kyau, ranka ya daɗe. In ka gama, ba ni makullina."