Guduma da Fim ɗin da ke Bayansa

Guduma ake ce masa, kuma ba a yi masa ƙarya ba. Shekara ashirin da shida yana tsaron ƙofar sinima. Dokar aikin ɗaya ce tak: ka ba allon fim baya, ka sa wa ƙofa ido. Ka waiga na minti ɗaya, mutum biyar sun sulale ciki ba tikiti.

Shi kuwa bai taɓa waigawa ba. Wanda ya zo da wayo ya koma da kumburarren baki. Ya zubar da haƙoran mutane a bakin ƙofar nan har mai shara ta daina salati. Akwai wani kafinta da ya taɓa ƙoƙarin bi ta ƙarƙashin hammatarsa. Guduma ya murɗe masa hannu har ƙashi ya ce ƙas, hannun kuma ya ɗoru a karkace. Ba mutumin kirki ba ne, kar ma wani ya yi masa kwalliya.

Amma akwai wani tsohon fim na barkwanci da ya shige masa rai. Labarin wani tela ne da ya gaji da ƙorafin masu ɗinki, ya sayar da kekensa, ya sayi akwalar mota, ya kwashe tsofaffin unguwarsu zuwa yawon shan iska. Motar ta mutu, su tura, su yi waƙa, su sake turawa. Ba a dukan kowa a ciki, ba wanda ya ci wani. Mutane kan shigo fuska a murtuke, su fito suna share hawayen dariya, har su gaishe da Guduma.

Da kunne ya haddace fim ɗin. Yakan faɗi maganar telan kafin telan ya faɗa. Wuri ɗaya ne ya gagare shi. Can kusa da ƙarshe magana takan ɗauke, kiɗa ya ɗauke, sai kawai ɗakin ya fashe da dariya har kujeru na girgiza. Me ake gani a wurin? Girman kai ya hana shi tambaya, abin kuma yana cin sa kamar ƙaiƙayi a tsakiyar baya.

Aka sayar da ginin za a mai da shi sito. Ranar ƙarshe, da azahar, manaja ya buɗe ƙofa kyauta, ya sa a haska fim ɗin telan. Mai injin haska fim ya ce faifan ya ruɓe, da ƙyar zai kai ƙarshen wannan zagaye.

Manajan ya ce, “Baba, yau babu tsaron ƙofa. Je ka zauna.”

Guduma ya zauna a layin gaba, hannuwa a kan gwiwa. Ashe telan gajere ne mai kunnuwa fatan-fatan! Ashe motar ba ta da ƙofa ko ɗaya! Ya yi ta ƙyaƙyata dariya, murya a dishe don rashin sabo. Wallahi bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Ana gab da wurin da yake jira, sai ƙafar kujera ta sauka masa a ƙeya. Kafintan nan ne, da ƙannensa biyu.

Da ya daure minti ɗaya, da ya gani. Ina! Hannun da ya saba ba ya neman shawara. Ya juya, ya damƙi wuyan ƙane na farko ya maka shi da bango. Na biyu ya sha gwiwar hannu a hanci, jini ya yi tsartuwa. Mata na ihu, maza na tsallake kujeru. Ya danne kafintan a ƙasa yana kirɓa, yana kirɓa, har hannunsa ya jiƙe. Can ya farga cewa magana ta ɗauke a bayansa tun ɗazu, har ta dawo. Kafin ya waiga faifan ya tsinke, allon ya yi fari fat.

Ɗakin ya watse, saura su kaɗai. Guduma ya durƙusa yana haki, jini na bin wuyan rigarsa. Ya tallabo kan kafintan a hankali.

“Kai, don Allah faɗa mini. Wurin nan da ba a magana, me telan yake yi?”

Kafintan ya tofar da jini da guntun haƙori, ya dube shi da idon da ya rage a buɗe.

“Ni ka tambaya? A ƙofa ka karya ni. Ban taɓa ganin fim ɗin ba.”