Ramin da Yaya Sahabi ya binne wa gishiri

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Sahabi mai wayarin, kuma har yau ban iya jingina da ginshiƙin ƙarfe ba tare da na duba gindinsa ba. Allah ya jiƙansa. Mutum ne marar yawan magana, irin wanda za ka yi masa tambaya uku ya amsa ɗaya, ita ma da ka.

A Tambuwal yake zaune, ni kuma ina Kebbe da injin niƙa. Lokacin da na kafa rumfar injin, da ginshiƙan ƙarfe da rufin kwano, shi ya zo ya haɗa mini wuta daga janareto. Da ya gama sai ya kankare fentin gindin wani ginshiƙi har ƙarfen ya yi fari, ya sa aka yi waldar noti a wurin, ya ɗaure waya mai kauri ta jan ƙarfe. Ya ja ta zuwa bayan rumfa, ya haƙa rami, ya kafa doguwar sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya kwarara ruwa, ya rufe. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce: "Wutag ga hanya taka nema. In ba ka ba ta ta ƙasa ba, ta jikin mutum taka bi." Ban gane ba, ban kuma sake tambaya ba.

Duk rani sai ya taso a babur da jarka, ya bi wannan muguwar hanya, ya zuba wa wurin ruwa, ya ɗan tsaya yana kallon ƙasa, ya juya. Wani lokaci ko gaisawa ba ma yi. To, a garinmu mutum ya binne abu da gishiri da gawayi, ya riƙa zuwa yana shayar da shi, me ake so mutane su ce?

Bayan rasuwarsa aka fara faɗa mini a fili. Ciniki ya ja baya, iyalina suka yi ta ciwo, sai wani maƙwabci ya ce in tuna abin da yayana ya ɗaure mini a gini, wanda yanzu babu mai ba shi ruwa. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na yarda. Wata hantsi na ɗauki diga na tone ramin. Sandar ta yi kore, ƙasar baƙa ƙirin, da ɗanshi a tsakiyar rani. Na yanke wayar, na tumɓuke sandar, na jefa a rafi, har ina jin na yi jarumta.

Shanu ne suka fara sani. Akwai Bafulatanin da garkensa kan huta a inuwar rumfata, suna soshe-soshe da ginshiƙai. Da damina ta faɗi sai suka daina. Su zo daf, su tsaya cak, su zuba wa rumfar ido, ko ya dake su ba sa matsowa. Ya ce mini: "Malam, nagge ba ta ƙin inuwa banza. Wurin ga akwai abu." Na ɗauka sauran asirin ne bai fita ba.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da safe. Inna, mahaifiyarmu, ta kawo jiƙaƙƙen gero, ta cire takalmi saboda taɓo, ta dafa ginshiƙin nan don ta huta. Ba ta yi ihu ba. Na dai ga ta sandare, ido a kafe, hannu ya manne da ƙarfe. Na ruga na kashe janareto, ta zube. Ta rayu, amma yatsunta biyu ba su sake lanƙwasuwa ba har ta koma ga Allah. Mai gyaran da na kira daga Dogon Daji ya gano waya ta goge a jikin injin, wuta tana bin ƙarfen rumfar gaba ɗaya. Ya ga guntun wayar a gindin ginshiƙi, ya tambayi wane marar hankali ne ya yanke ta. Inna tana zaune. Ta nuna ni ta ce: "Ƙanin wanda ya ɗaura ta ne."

Yanzu ina wuce tankunan ruwa da faifan sola a kan dogayen ƙarafa, daga Tambuwal har Fakku, wasu ba waya ko ɗaya da ta sauka ƙasa. Da yana nan na san ba zai yi faɗa ba. Zai durƙusa ya shafa gindin ƙarfen, ya girgiza kai. Ni ne mai faɗan yanzu, har ana tsokanata da Sarkin Gishiri.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ramuka ya bari a bayan gine-ginen mutane, da rayukan da ba su san ya tsare su ba. An kafa mini sabuwar sanda, kuma duk rani ni ke kai ruwan. Bara da rani, da azahar, rana tsaka, na zagaya da jarkata na tarar wurin a jiƙe sharkaf, daidai faɗin ramin, shanu kwance kewaye da shi. Na tambayi kowa a gida da maƙwabta, babu wanda ya zuba. Sannan na ce, "Yaya, ka yafe mini," na zuba nawa a kai.