Malam Jira da Tambayar da Ba a So

Har zuwa watan da ya wuce, idan ka bi ta layin masu gyaran waya da safe, za ka tarar ya riga kowa buɗe shago. Ɗan ƙaramin shago ne, tsakanin mai walda da mai kwafin takardu. Yakan share ƙofa, ya goge tabarau da bakin riga, ya naɗe kebul ya cusa a jaka, sannan ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi gidan da aka kira shi. Yanzu shagon a rufe yake. Idanunsa ne suke tafiya, kuma likita bai ɓoye masa ba, ya ce ba za su dawo ba. Raina a ɓace nake wannan rubutu, don na ga layin ya ci gaba da harkarsa kamar ba a rasa kowa ba.

Sana'arsa ba ta da wani suna. Shi ne yake haɗa wa mutane akwatin ajiya a gida, ɗan akwatin nan mai faifai biyu da ake jona wa rauta, na'urar raba intanet a gida, don hotuna da bidiyo da takardun gida su taru wuri ɗaya, kowa ya same su daga wayarsa. Abin da ke faifai ɗaya yana ɗayan, in wannan ya mutu wancan ya riƙe. Haɗawar ba ta cin lokaci. Kwashe kaya daga tsofaffin wayoyi da faifai zuwa cikin akwatin, nan aikin yake, kuma nan ya samo sunansa.

Malam Jira muke ce masa. Da ya fara kwafi sai ya ja kujera ya zauna, ya zuba wa ɗan layin nan mai rarrafe a allo ido, ba zai tashi ba sai ya cika. A ce masa ya je ya dawo, ya ce, "A jira." A ce ga waifai, me zai sa a ja kebul ta tsakiyar falo, ya ce, "Waifai ɗinku bango biyu yake ketawa kafin ya iso nan, a gajiye yake zuwa. Ku bar ni da igiyata." Mai ɗaukar hoto na bakin layi ya rantse mini cewa ya taɓa barinsa a shago da hantsi, ya dawo da la'asar ya same shi yadda ya bar shi, har sai da ya taɓa kafaɗarsa ya ji ko da sauran rai. Ko kwafin ya gama, shi bai gama ba, sai ya buɗe nan ya buɗe can ya tabbatar hotunan suna buɗuwa.

Amma abin da ya raba shi da sauran masu wannan aiki wata tambaya ce. Idan faifan da za a kwashe ba shi da lafiya, ba ya taɓa komai sai ya zaunar da mai shi ya ce, "In abu ɗaya kaɗai zai fita, wanne ne?" Ba wanda yake son jin wannan. Kowa so yake a ja duka a jefa lokaci guda. Shi kuwa ya san faifai mai ciwo a hankali yake bayarwa, kuma kowane juyi da ya yi yana rage masa kwana. In ka ce duka, na'ura ce za ta zaɓar maka, ita kuma ba ruwanta da abin da ke ranka.

A gidan yayata na ga wannan da idona. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yarsu a goye. Mutum ne mai son ɗaukar hoto, Allah ya jiƙansa, kuma komai nasu yana cikin wani faifai da ake jona wa kwamfuta. Yaya ta tura shi ƙasan akwatin kayansa ta kasa taɓawa. Sai da yarinyar ta shiga makaranta ta fara tambaya yaya muryar babanta take, sannan ta ciro shi. Da muka jona, sai ya riƙa wani ƙas-ƙas kamar agogon da batir ya ƙare masa. Ni na kira Malam Jira.

Ya kara faifan a kunne ya saurara, ya cire shi daga wuta nan take. Ya haɗa akwatin ajiya, ya ja kebul ɗinsa, ya juya fanka ta fuskanci teburin. Sannan ya dubi Yaya.

"'Yata, faifan nan ya kusa. In abu ɗaya kaɗai zai fita, wanne ne?"

"Duka nake so, Baba."

"Ni ma duka nake so miki. Amma wanne ne na farko?"

Ni da ba na iya riƙe baki, na yi karaf na ce bidiyon bikinsu mana, wannan har sai an tambaya?

Ya ce, "Shi ya fi komai nauyi a ciki. Yadda faifan nan yake ja, zai kai mu yamma a kansa, in ma ya kai. Kuma bidiyon da ya fita rabi, sau da yawa ba ya buɗuwa. Amma ba ni zan zaɓa ba, ba kuma kai ba."

Yaya ta dubi faifan. Can ta ce, "A bikin ba ya magana, zaune kawai yake an kewaye shi. Akwai wani ɗan guntu da na ɗauka a kicin, yana cilla yarinyar sama, ina masa faɗa zai kayar da ita. Shi nake so."

Shi aka fara fitarwa. Aka bi da hotuna kaɗan da ta nuna. Sannan aka ɗora bikin, layin allon ya riƙa rarrafe yana tsayawa. Bai kai rabi ba ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke. Bikin ya tafi, hotunan asibiti na ranar haihuwa sun tafi, shekarun aurensu kusan duka sun tafi a cikin abin da bai fi tafin hannu ba. Yaya ta kifa kai a gwiwa tana kuka. Malam Jira bai ce mata ta yi haƙuri ba, bai kuma tattara kayansa ba. Ya jira. Da ta ɗago, ya buɗe guntun nan daga cikin akwatin, ya ce a kira yarinyar. Muryar mamacin ta cika falon, yana dariya: "Bar ni da 'yata, ke dai kula da tukunyarki." Yarinyar ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon, ta ce, "Mama, a sake."

Malam Jira, mai zaman da ba ya gundura, kai ne ba ka taɓa yi wa mai makoki ƙaryar cewa komai zai fita ba. Kai ne ka bar mu muna yi maka dariya kan kujera da igiya, alhali amanar gidajenmu kake gadi. Akwatunan da ka haɗa suna nan a ƙarƙashin tebura da bayan talabijin, fitilunsu suna ƙyaftawa, masu su ma sun manta wanda ya ajiye su. Hotunan da ka ceto mana, ga shi kai ba za ka ƙara ganinsu ba, kuma wannan yana mini ciwo.

Makon jiya na je gaishe shi. Na same shi a tsakar gida inda haske ya fi yawa, ya ja kujera, matarsa tana wanki a gabansa.

Ta ce, "Ka ga abin da nake fama da shi ko? Kullum sai ya tasa ni gaba da kallo, kamar yau aka kawo ni gidan."

Na tambaye shi idon. Ya ce, "Gefe-gefen sun tafi. Saura tsakiya, ita ma a hankali take bayarwa."

Na ce to ya shirya in ɗauke shi a mota mu zaga gari, ya ga layinsu, ya ga tsofaffin abokai, ya ga duk inda yake so tun da sauran gani.

Ya girgiza kai. "Duka ba zai fita ba, ɗana. Na riga na zaɓa."

Mun gode, Baba. Yayata ta gode, yarinyar da ta san muryar ubanta ta gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma da kuka gaji jakar kebul a layin nan, ku gaji tambayar, ku gaji zaman, kada ku tafi ku bar layi yana rarrafe a gidan mutane.

Da na kai ƙofa na waiwaya. Yana nan yadda na same shi, ya zuba wa matarsa ido, bai motsa ba.