Sirdin Keken Baffa

Jiya jikata ta kai ni asibiti, a hanyar dawowa cunkoso ya tsayar da mu daidai rumfar wani mai facin taya. Ya buɗe gwangwanin sholisho, warin ya shigo ta tagar mota, sai na runtse ido na dafe goshi. Yarinyar ta dube ni ta ce, "Kaka, jinin ne ya hau?" Na ce mata a'a. Ta ina zan fara yi mata bayani a cikin mota? Ku dai da kuke da lokacin karatu, ku saurara, don abin ya daɗe yana cina.

A Nima aka haife ni, unguwar baƙi 'yan arewa a babban birni, nesa da ƙasar Hausa, a ɗaki ɗaya cikin wani gidan haya mai cike da jama'a. Baba kayakaya ne, wato ɗan dako, a kasuwar Tudu. Gajere ne kakkaura, tsakiyar kansa babu gashi ko ɗaya saboda gammo. In motocin goro da doya suka iso daga arewa, shi ne zai ɗauki buhun da mutum biyu suke ɗora masa, ya ratsa kasuwa yana "Agoo! Agoo!" don a ba shi hanya. Da yamma Mma, mahaifiyarmu, ta dafa ruwa ta gasa masa wuya da tsumma, muna jin yadda yake jan numfashi ta haƙora.

Ni ce 'yar fari. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan ba. Yadda iyayenmu suka taho da al'adar daga ƙasar Hausa, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya hira da shi, ba ya ma kallonsa a gaban mutane. Kunya ake ce mata. Ƙannena su hau cinyarsa su ja masa gemu, ni kuwa "yarinyar nan" ce. Ina tsaye a gabansa zai juya ya ce wa Mma, "A kawo ruwa." Ni ma ban taɓa buɗe baki na fara yi masa magana ba. Ban ce ba ya sona ba, Allah ya sani. Yakan bar tsokar nama a gindin kwanonsa, ya kuma san ni ce mai wanke kwano.

'Yan shekaru bayan an sami 'yancin kai, ina da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, wani akawu da Baba ya daɗe yana ɗaukar wa kaya ya kira shi gefe. Ya ce ofishinsu na neman masinja. Akwai albashi duk wata, akwai kayan kaki, in mutum ya tsufa a ba shi fansho. Sharaɗi ɗaya ne, sai wanda ya iya keke. Ya ba shi mako biyu, ya ce ranar Litinin ta biyu ya zo ya hau a gaban manaja. A ranar, Mma ta yi guɗa a tsakar gida har matan haya suka fito. Kowa ya san ma'anar abin, Baba zai sauke kaya daga kansa. Matsalar kawai, mutumin da ya haura arba'in bai taɓa ɗora ƙafarsa a feda ba.

Yayansa, wanda muke kira Baffa, falken goro ne a unguwar Lagos Town nan kusa da mu, kuma yana da keke. Keken baƙi ne wuluk, da ƙararrawa da madubi, kullum ana goge shi da man gyaɗa. Ya ara wa Baba bayan dogon wa'azi. Sai dai Baffa dogo ne sambal, in zai shiga ɗakinmu sai ya sunkuya, kuma an ɗaga sirdin keken daidai tsawonsa. Da Baba ya tsaya kusa da shi, sirdin ya kusa kai masa ƙirji.

To ga sirrin da nake ɓoyewa a lokacin. Ni na iya keke. Akwai wani tsohon Bazabarme mai gyaran kekuna a bakin filin Maamobi, yana ba yara haya, kobo ɗaya zagaye uku. In na gama tallan ƙosai, ni da ƙawata 'yar ƙabilar Ga sai mu ajiye farantanmu a rumfarsa, inda warin sholisho ya kama komai har tabarmar sallarsa. Na sha ƙasa, gwiwoyina sun sha toka, na ce wa Mma tuntuɓe ne. Tsohon ba ya barin yaro ya hau sai ya auna shi da keken. A bakinsa kowa "ka" ne, mace da namiji. Yakan ce, "Kai yarinya, sirdi daidai ƙugu. In ka zauna, yatsun ƙafa su taɓa ƙasa. Ka duba gaba, kada ka duba taya." In yaro ya zo da dogon wando, sai ya yago tsumma ya ɗaure masa ƙafar wandon ta dama, don kada sarƙa ta cafke. Saukar da sirdi kuwa noti ɗaya ne, kafin ka sha ruwa ya gama.

Damina ce, jar ƙasar Nima ta zama taɓo. Baba yana idar da sallar asuba zai tura keken zuwa filin, kafin gari ya waye a gan shi. Famfon da nake bin layin ruwa yana kusa, sai in ajiye bokitina a layi in laɓe bayan wata bishiyar dogon yaro ina leƙensa. Wayyo Baba. Sai ya taka dutse kafin ya hau. In ya danna feda ƙasa, ƙafarsa ba ta kaiwa, sai ya karkata ƙugu ya bi ta, keken ya karkace tare da shi. Ga wandonsa buje mai faɗin ƙafa yana kaɗawa a bakin sarƙa. Ya faɗi, ya tashi, ya fara duba keken Baffa kafin ya duba jikinsa. Da dare Mma tana gasa wuya, ta koma gasa ƙugu da cinyoyi, don sirdin ya goge shi har ba ya iya zama daidai a tabarma.

Amma mutumin nan akwai naci. Kafin kwana goma yana iya miƙewa daga wannan bakin fili zuwa wancan. Tsayawa ce ta gagara, in ya ja birki sai ya yi tsalle gefe tun da ƙafa ba ta kai ƙasa. Rumfar Bazabarmen tana nan a gabansa, amma ina, magidanci ba zai je ya tsaya cikin yara a koya masa ba. Ni kuwa ina bayan itace, maganin yana bakina, na rasa yadda zan fitar da shi. Sau biyu ina kai masa ruwan alwala in ce yau zan faɗa, in na ga ƙeyarsa sai in ajiye butar in juya.

Mma kuwa ba zan iya gaya mata ba, don tambayarta ta farko ita ce ina na sani. Sai na je wa Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ni da ita wasa muke yi, babu abin da ba na gaya mata. Na same ta tana sussukar gero na ce, "Kaka, ki gaya wa ɗanki a ɓoye, sirdin ya yi masa tsayi. A sauke shi, ya kuma ɗaure ƙafar wando." Ta ce, "Ja'ira, ke ina kika sani?" Na gaya mata gaskiya. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane, ta ce in bar mata.

Na ce a ɓoye. Wallahi na ce a ɓoye.

Ranar Juma'a, saura kwana uku, Baffa ya zo bayan an sauko daga masallaci don ya duba kekensa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mazan haya uku suka zauna tare da su, Mma ta kawo tuwo. Ina wanke-wanke a bakin kwata sai na ji muryar Kaka, cike da alfahari, tana ce wa Baba, "Kai, ka san 'yar nan taka ta fi ka wayo? Ta ce a sauke maka sirdi, ka ɗaure ƙafar wando. Ita fa tuni ta iya, har sakin hannu take yi!"

Mazan suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "To ai sai a tura ta ofishin." Baffa bai yi dariya ba. Ya ajiye lomarsa ya ce, "Mace a kan keke? A gidanmu? Kana Tudu kana dako, 'yarka tana fili tana buɗe ƙafa a gaban ƙatti?" Sannan ya nuna keken da ɗan yatsa. "Duk wanda ya sa sifana a keken nan, ni da shi ne. Yadda nake hawansa haka za a hau shi."

Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya tsawata wa Baffa, ita ce Kaka. Amma Baffa ɗan farinta ne. Sai ta kawar da kai ta kama gyaran ɗankwali. Baba ya ce, "To, Yaya." Ya wanke hannu, tuwonsa ko rabi bai ci ba. Da yamma Mma ta zane ni da igiyar guga har ta gaji, tana dukana tana kuka. Dukan bai dame ni kamar abin da na gane ba. Ko da Baba ya yarda a ransa, yanzu ba zai iya bin shawarar ba, don maza sun ji daga bakin wa ta fito.

Duk da haka ban haƙura ba. Ranar Litinin na riga kowa tashi, na yago bakin tsohon zanena, na rataya tsumman a hannun keken. Wannan ba ya bukatar sifana, ba kuma wanda zai sani. Baba ya fito cikin farar riga da sabon buje, Mma ta sa musu sitati sun tsaya ƙiƙam. Ina leƙe ta labule. Ya ga tsumman, ya ɗauka, ya daɗe yana riƙe da shi. Na ga ya dubi ƙafar wandonsa. Sai ɗaya daga cikin mazan nan ya fito da buta ya ce, "Masinja, an shirya?" Baba ya ninke tsumman sau biyu, ya ajiye a kan turmi, ya tura kekensa ya fita.

Abin da ya faru a ofis, abokin dakonsa da ya raka shi ne ya ba Mma labari, ni ina ji. Babu dutsen takawa a harabar, amma Baba ya ruga da keken ya yi tsalle ya hau. Ya zagaya sau ɗaya lafiya lau, akawu har ya fara tafi. A zagaye na biyu sarƙa ta cafke wandon. Ya nemi ƙasa da ƙafar hagu, ƙasa ta yi nisa. Ga ƙararrawa a hannunsa, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne "Agoo!" Ya daki ginshiƙin ƙofa. Manaja ya juya ya shige ciki, akawu ya zo ya ɗaga shi yana ba shi haƙuri.

Dawowarsa kuwa da idona na gani. Wajen la'asar ina kan hanyar talla sai na hango taron yara suna ihu. Ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe, ba ta turuwa. Baba ya cire farar rigar nan ya naɗe ta gammo, ya ɗora keken a kansa, ya taho da shi a ƙafa tun daga cikin gari har Nima, wandonsa a yage har gwiwa, jini ya bushe a ƙaurinsa. Ya wuce ta gabana kamar taku uku. Ya gan ni, na gan shi. Na kawar da ido, ya wuce. Washegari ya ɗauki tsohon gammonsa ya koma Tudu.

Bai ƙara ambatar keke ba har ya mutu. Baffa ne dai ya riƙa tayar da zancen a kowane suna da biki, yadda aka lalata masa abin hawa. Baba ya ci gaba da dako har wuyan ya ƙi, hannunsa na dama ya shanye, ya kwanta a ɗakin nan guda. Ni na yi jinyarsa, ina ba shi koko a baki, har ranar ƙarshe "yarinyar nan" nake.

Yanzu 'yan mata a Nima suna hawa keke zuwa makaranta, da wando a ƙarƙashin hijabi, ba mai ko ɗaga kai. In mun haɗu a gidan biki, tsofaffi irina suna ta kukan an daina kunya, da can 'ya'ya ba sa haɗa ido da iyaye. Nakan ce musu ni kada a yaba mini ita, na san abin da ta ci a gidanmu. Sai su ce Hajiya ta fara rikicewa.

Aikin masinjan, wani Badagombe maƙwabcinmu ne ya samu, shi ma ɗan dako. Ya je wurin Bazabarmen, ya tsaya cikin yara, aka auna shi da keke, ya iya cikin mako guda. Da kuɗin sallamarsa ya gina gida a unguwar Kotobabi, mai ɗakuna shida da famfo a ciki. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, bai cuce mu da komai ba. Jikokinsa suna gaishe ni da ladabi. Amma har yau, da sandata da ciwon gwiwata, in hanya ta biyo da ni ta layin nan, sai na tsallaka ɗaya gefen titi.