Na Fita da Shi Rana

Sai da na sauke kyamara daga idona na lura mai gadin nan ba wucewa zai yi ba, ni yake nufowa. A bayansa ga yarinyar shagon da gudu, tana nuna hannuna.

Hoton biki nake ɗauka a Kano, ɓangaren mata, inda ba a son namiji ya shiga. Da Kawu zai zo Guangzhou saro kaya sai ya taho da ni, don in sayi sabon lens, wato idon da ake ɗaura wa babbar kyamarata. Ranar Juma'a ce. Ya ajiye ni a shagon kayan hoto ya wuce Masallacin Huaisheng, fasfona yana aljihunsa.

Lens guda biyu suka raba mini hankali. Ɗaya mai nauyi, yana shan haske ko a ɗakin amarya mai duhu. Ɗayan sakayau, yana jawo nesa kusa, amma sai da haske. Fitilun shagon kuwa komai kyau suke masa. A gida ko atamfa ce ba ka yarda da ita sai ka fita da ita rana, mai kaya ma shi zai ce ka je ka duba. Haka na ɗaura mai nauyin, na sauko har bakin titi. Wallahi ko a raina ban kawo komai ba.

Aka mayar da ni sama, aka ba ni kujera. Ba wanda ya daka mini tsawa, shi ya fi tsorata ni. Ɓarauniya, a ƙasar mutane, ba fasfo. Me za a gaya wa Umma?

Mai gadin ne ya kirawo wata Hajiya 'yar Maraɗi da ke ciniki a shagon kusa, tana jin yarensu.

"Ke ɗiyata, wa ya aike ki?"

"Hajiya, rana na fita da shi."

"Rana? Nan kasuwar Kwari aka ce miki?"

Ta juya wajen laoban, matar da ke da shagon, ta kama gefen mayafinta ta ɗaga sama tana kwatanta yadda muke duba zane. Laoban ba ta yi dariya ba. Ta karɓi kyamarar tana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya: allon shagonta daga nesa, allon shagonta daga kusa, wata bishiya, allon kuma. Sannan ta dubi jakata da wayata, suna nan kan teburin shagon inda na bar su.

Ta yi magana gajeriya, ta mayar wa lens ɗin murfinsa.

Lokacin an sauko daga masallaci, don ga wayata tana ƙara, Kawu ne. Hajiya ta dafa kafaɗata.

"Share hawayenki, ba abin da za a yi miki. Ta ce ɓarawo ba ya tsayawa ɗaukar hoton shagon da ya sata. Wai in rana kike so, ga taga can, ki gwada ɗayan ma."