Awon Layin Tagulla

Jiya allon lantarki na uku da na haɗa ya ƙi aiki. Ina cikin narka dalma, sai ƙaurinta ya dawo mini da kawuna, wanda ya koya mini aikin a shagonsa na Daura. Shekararsa biyu ke nan da rasuwa.

Ba ya zana layin tagulla a kan allo mai araha sai ya auna kaurin allon, domin kowane kwali da irin nasa kaurin. Wata rana na ce masa, "Kawu, ai duk ɗaya ne." Ya ɗora yatsansa mai tabon ƙuna a kan wani layi da na tsuke, ya ce, "Ɗana, saƙo mai gudu in ya tarar hanya ta canja faɗi, juyowa yake yi ya rikita na bayansa."

Faɗin layin da ya dace da kowane allo, da ajami ya rubuta shi a takardu, aikin shekara da shekaru. Bayan sadakar bakwai, iyalinsa suka ɗauka ayoyi ne, suka binne takardun don kada a taka. Ina Zango ranar.

Yanzu mutanen garin Babban Mutum suna jiran na'urar ƙara ƙarfin sabis na waya da na yi musu alkawari, ni kuwa lalube nake yi. Ma'aunin Kawu yana hannuna, amma ban san lambar da zan nema ba.

Allah ya yalwata maka kabari, Kawu. Ni da ban tambaya ba kana raye, Allah ya yafe mini.